Jagorar Neman Aiki a Lokacin Matsin Tattalin Arziki

Idan tattalin arziki ya shiga matsi, mai neman aiki yakan ɗauka cewa shi kaɗai ne ke cikin fargaba, alhali kuwa mutumin da ke zaune a ɗaya gefen teburin, wanda zai sa hannu a takardar ɗaukarsa, shi ma a tsorace yake. Ciniki ya ja baya, an zaftare masa kasafi, an ba shi izinin cike gurbi ɗaya a inda a da yake cike uku, kuma ya san cewa idan ya ɗauko wanda bai iya aikin ba, da wuya a sake ba shi damar gyara kuskurensa. Saboda haka idonsa yana kan wanda ɗaukarsa ba ta da kasada, ko da kuwa akwai wani da ya fi shi tarin takardun shaida. Duk matakan da ke cikin wannan jagora a kan wannan fahimta aka gina su, wato aikinka shi ne ka rage wa mai ɗaukar aiki tsoro har ya ga cewa zaɓenka shi ne mafi sauƙi a gare shi.

Irin wannan yanayi ba baƙo ba ne a duniya. Bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008, rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 sa'o'in aikin da aka yi asara saboda annobar korona sun yi daidai da ayyukan cikakken lokaci miliyan 255. Amma ko a waɗannan shekaru ba a rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata gaba ɗaya ba, domin wasu na yin ritaya, wasu na sauya wurin aiki, wasu na rasuwa, kuma dole a maye gurbinsu. Ƙofar ƙuntata take yi, masu layi a bakinta su ƙaru.

Mataki na farko: ka san tsawon numfashinka

Kafin ka aika takarda ko ɗaya, zauna ka lissafa abin da ke hannunka da abin da kake kashewa a wata a kan buƙatun da ba makawa, sannan ka raba na farko da na biyu. Amsar da ta fito ita ce adadin watannin da za ka iya jurewa ba tare da albashi ba, kuma ita ce za ta faɗa maka irin neman da ya dace da kai. Wanda ke da tanadin wata takwas yana iya tsayawa kan aikin da ya dace da fanninsa, wanda kuwa ke da na wata ɗaya dole ya fara da neman abin rufin asiri, sannan ya ci gaba da neman na dindindin yana cikin wancan. Amfanin wannan lissafi ya wuce na aljihu. Mutumin da bai san inda ya tsaya ba yakan shiga ɗakin ganawa da ƙagara a fuskarsa, kuma ƙagara tana ƙara wa mai ɗaukar aiki shakka, domin yana tunanin wannan mutum kowane aiki zai karɓa, kuma da zarar ya ga wani zai tafi.

Mataki na biyu: ka zaɓi inda za ka sa ƙarfinka

Matsi ba ya bugun kowane fanni daidai wa daida. Abubuwan da mutane ke iya ɗagewa zuwa baɗi, kamar kayan ƙawa da yawon shaƙatawa da sababbin gine-gine, su ne ke fara jin jiki. Abubuwan da ba a iya ɗagewa, kamar kiwon lafiya, samar da abinci da jigilarsa, wutar lantarki da ruwa, karatun yara da gyaran injuna, sukan ci gaba da neman hannu. Gyara ma yakan ƙaru, domin wanda ba zai iya sayen sabo ba tsohon zai lallaɓa. A cikin kowane kamfani kuma, guraben da ke kawo kuɗi ko suke hana su zurarewa, irin su sayarwa, karɓo bashi, lissafi da kula da kaya, su ne na ƙarshe da ake taɓawa idan za a rage ma'aikata.

Ka rubuta sunayen wurare ashirin zuwa talatin da ƙwarewarka za ta yi musu amfani, kuma kada ka cika jerin da manyan kamfanonin da kowa ya sani. A ƙaramin kamfani kana iya ganin mai yanke hukunci ido da ido, kuma shawara ba ta bin ofisoshi bakwai kafin ta tabbata. Yana da kyau a tuna cewa rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna aiki ne a wajen tsarin da hukuma ta yi wa rajista. Wanda ya taƙaita nemansa ga guraben da ake tallatawa a jarida ko intanet ya juya wa mafi girman ɓangaren kasuwar baya.

Mataki na uku: ka tara hujja, sannan ka rubuta takardarka

Nan ne mafi yawan masu nema suke faɗuwa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Na taɓa zama cikin masu tantance takardun neman wani gurbi guda, takardun sun cika tebur har muka raba su kashi-kashi a ƙasa, kuma kafin a kai ta talatin idanuna sun daina karanta kalmomin “mai ƙwazo”, “mai gaskiya” da “mai iya aiki da jama'a”, domin kowa ya rubuta su. Wadda ta tsayar da ni ta wata mata ce da ta rubuta cewa ta tarar da rumbun kaya ba shi da rajista, ta buɗe masa ɗaya, kuma a cikin wata huɗu kayan da ke ɓacewa suka daina ɓacewa. Ba ta yabi kanta da kalma ko ɗaya ba, amma ita muka fara kira.

Saboda haka kafin ka taɓa takardar bayanin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, ɗauki farar takarda ka rubuta abubuwa goma da ka taɓa yi waɗanda suka canja wani abu. A kan kowanne ka amsa tambayoyi uku: wace matsala ka tarar, me ka yi da hannunka, kuma me ya biyo baya? Inda akwai adadi na gaskiya, ka sa shi. Dubi bambancin waɗannan layuka biyu. Na farko: “Na kasance mai kula da abokan ciniki.” Na biyu: “Ina amsa koken abokan ciniki kusan 40 a rana, kuma na tsara amsoshin tambayoyin da aka fi yawan yi, har jiran amsa ya ragu daga kwana biyu zuwa yini ɗaya.” Na farko ya faɗi kujerar da ka zauna, na biyu ya nuna abin da ka yi a kanta, gani kuwa ya kori ji.

Wanda bai taɓa aikin albashi ba kada ya ce ba shi da abin rubutawa. Riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai, koyar da yara a gida, taya wani tafiyar da sana'arsa, binciken kammala karatu, duk ayyuka ne da ke da matsala da mataki da sakamako. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙari. Adadin da ka ƙirƙira zai tona kansa a tambaya ta biyu ta ganawa, kuma wanda aka kama da ƙarya ɗaya an daina yarda da sauran gaskiyarsa.

Game da tsari, shafi ɗaya ya isa ga sabon shiga, biyu kuma ga mai dogon tarihi. Ka fara da aikin da ka yi na baya-bayan nan, ka koma baya. Manyan kamfanoni da yawa suna zuba takardun masu nema a cikin manhajar da ke adana su, kuma ma'aikaci yakan binciko su ta hanyar kalmomin da ke cikin sanarwar gurbin. Don haka idan sanarwa ta ambaci wata ƙwarewa da kake da ita, yi amfani da kalmar da suka yi amfani da ita, kuma ka guji zane-zane da jadawali masu sarƙaƙiya waɗanda manhajar ke kasa karantawa. Ka adana takardar a tsarin PDF sai dai idan an nemi wani, ka sa mata sunanka, kuma ka tabbatar adireshin imel ɗinka na mutumin kirki ne, ba laƙabin da abokai suka sa maka a makaranta ba. A ƙarshe ka ba wani ya karanta maka, domin ido ba ya ganin kuskuren hannun mai shi.

Mataki na huɗu: ka bi ta mutane

A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa wani nazari da ya yi fice, wanda ya nuna cewa a cikin mutanen da suka sami aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminai na kusa suka samu ba, ta hannun mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. Amininka yana yawo inda kake yawo, yana jin labarin da kake ji, tsohon abokin karatun da kuka yi shekara uku ba ku gaisa ba kuwa yana cikin wata duniya daban, kuma labarin da ke wurinsa sabo ne a gare ka. A 2022 mujallar Science ta wallafa wani babban gwaji da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kimanin miliyan 20, kuma sakamakonsa ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

Wannan ya haɗu da maganar tsoro da muka fara da ita. Mai ɗaukar aiki da ke gudun kasada ya fi natsuwa da wanda ma'aikacinsa ya ce “na san shi, ya iya aiki” fiye da baƙuwar takarda, kuma sau da yawa ana cike gurbi ta wannan hanya tun kafin a rubuta sanarwarsa. Wasu na ƙyamar wannan mataki don suna ganinsa kamar neman alfarma. A ganina akwai bambanci babba tsakanin a ɗora wanda bai cancanta ba saboda sanayya, da a nuna wa wanda ya cancanta ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ka rubuta sunayen tsofaffin malamai, abokan karatu, abokan aiki, shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu da abokan hulɗar sana'a, sannan ka riƙa tuntuɓar biyu ko uku a rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mutum “don Allah a taimaka mini da aiki”. Wannan roƙo yana ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, sai kunya ta sa ya daina amsa kiranka. Ka roƙi abin da zai iya bayarwa cikin minti goma. Ga misalin saƙo bayan gaisuwa: “Malam, ina neman aikin lissafi a kamfanonin jigilar kaya, kuma na yi shekara uku ina wannan aiki. Na san ka daɗe a fannin. Ko za ka ba ni minti goma in ji shawararka kan wuraren da ya kamata in duba, da wanda ya dace in yi wa magana?” Saƙon ya faɗi abin da kake nema ƙarara, ya nuna abin da ka iya, kuma ya bar wa mutumin hanyar taimako mai sauƙi. A ƙarshen kowace tattaunawa ka nemi sunan mutum ɗaya da za ka tuntuɓa, kuma bayan ka tuntuɓe shi ka koma ka gaya wa na farko yadda aka yi. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya ga shawararsa ta yi amfani shi ne zai tuna da kai ranar da gurbi ya buɗe.

Mataki na biyar: ka aika kaɗan masu kyau, ka riƙe rajista

Takarda biyar da aka gyara don wurare biyar sun fi ɗari da aka watsa iri ɗaya. Wasiƙar da ke rakiyar CV kada ta wuce sakin layi uku: gurbin da kake nema, hujjoji biyu da suka dace da buƙatarsu, da roƙon ganawa. Ka duba sunan kamfanin sau biyu kafin ka aika, domin na sha ganin wasiƙa mai kyau da ke yabon wani kamfani daban. Ka buɗe rajista a littafi ko a kwamfuta mai ɗauke da wuri, rana, wanda ka yi wa magana da amsar da aka bayar, kuma idan mako ɗaya ko biyu suka wuce shiru, ka aika tuni sau ɗaya cikin ladabi. Rajistar za ta nuna maka inda ciwon yake. Idan ba a kiranka ko kaɗan, matsalar tana takarda ko a wuraren da ka zaɓa. Idan ana kiranka amma ba a ɗauka, tana ɗakin ganawa.

A nan ya kamata a yi gargaɗi, domin lokacin matsi kakar 'yan damfara ce. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗin fom, kuɗin horo ko kuɗin “riƙe gurbi” kafin a ba ka aiki, ka tsaya ka bincika sosai. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su caji ma'aikaci kuɗi, sai a wasu keɓantattun halaye da hukuma ta yarda da su. Sauran alamun sun haɗa da albashin da ya wuce hankali, ɗauka ba tare da ganawa ba, gaggawar “yau ne rana ta ƙarshe”, da neman lambobin sirrin asusunka na banki. Idan aikin na ƙasar waje ne, kada ka miƙa fasfonka ga kowa ya riƙe, kuma kada ka tashi sai ka ga kwantiragi da izinin aiki na gaskiya.

Mataki na shida: ganawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin intabiyu ka karanta duk abin da za ka samu game da wurin: abin da suke sayarwa, waɗanda suke yi wa hidima, abokan gogayyarsu, da matsalar da wataƙila ta sa suka buɗe gurbin. Daga cikin hujjojinka goma ka zaɓi biyar, ka maimaita su da baki, da murya a sarari, har kowanne ya zama labarin minti biyu mai farko da ƙarshe. Da waɗannan labarai biyar za ka iya amsa mafi yawan tambayoyin da ke farawa da “ba mu labarin lokacin da”.

Tambayar “gabatar mana da kanka” ba gayyata ba ce ta ba da tarihin haihuwa. Ka faɗi abin da kake yi, abin da ka fi ƙwarewa a kai, da dalilin da ya kawo ka wannan wuri, cikin minti ɗaya da rabi. Idan rage ma'aikata ne ya raba ka da aikinka na baya, faɗi haka a jimla ɗaya ba tare da sunkuyar da kai ba, domin mai tambayar ya san halin da ake ciki, wataƙila ma shi da kansa ya sallami wasu. Abin da ba zai yafe ba shi ne ka zauna kana zagin tsohon shugabanka, saboda yana jin yadda za ka yi maganarsa gobe. Idan an yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka bayyana yadda za ka nemo ta. A wurin mai gudun kasada wannan amsa ta fi kame-kame daraja nesa ba kusa ba.

Idan aka ba ka damar tambaya, ka yi wadda ke taɓa damuwarsu kai tsaye: “Wace matsala kuke so wanda kuka ɗauka ya fara magancewa a wata uku na farko?” Ka saurari amsar da kyau, sannan ka haɗa ta da ɗaya daga cikin labaranka. Idan ta bidiyo za a yi ganawar, ka gwada na'ura da murya da haske tun da wuri, ka tanadi wata hanyar intanet ta biyu. Washegari ka aika gajeren saƙon godiya da ya ambaci abu ɗaya da aka tattauna.

Mataki na bakwai: kada ka bar giɓi ya yi tsawo

Idan neman ya ja lokaci, ka cike kwanakin da abin da za a iya rubutawa a takarda: aikin wucin gadi, aikin kwantiragi na 'yan makonni, aikin sa kai, ko koyon ƙwarewa ɗaya. Wajen zaɓen abin koyo, ka tattara sanarwar gurabe ashirin a fanninka, ka ga wace ƙwarewa ce ke ta maimaituwa wadda ba ka da ita, ita za ka koya, kuma ka yi wani ƙaramin aiki da ita wanda za ka iya nunawa. Tara satifiket barkatai ba ya rage wa kowa tsoro. Aikin wucin gadi kuwa yana da wata fa'ida ta musamman a lokacin matsi, domin yana ba kamfani damar gwada ka ba tare da ɗaure kansa ba, kuma idan gurbin dindindin ya fito, wanda aka riga aka ga aikinsa shi ne a gaba. Ka kuma ware wa neman aikin lokaci kamar na aiki, sa'o'i huɗu ko biyar a rana, sannan ka rufe littafin ka huta, domin amsar “a'a” tana da nauyi, kuma wanda ya kwana da ita ya tashi da ita yakan gaji kafin a kai ga “e”.

Mataki na takwas: idan tayi ya zo

Ka yi godiya, ka nemi a ba ka tayin a rubuce, ka kuma roƙi kwana ɗaya ko biyu don ka karanta. Matsi ba ya hana tattauna albashi, sai dai yana buƙatar ka san abin da ake biya a irin wannan gurbi, wanda za ka iya ji daga mutanen da ka tuntuɓa a mataki na huɗu. Ka cire kuɗin zirga-zirga da haraji daga adadin da aka faɗa kafin ka yanke hukunci, kuma idan farashi na hauhawa, ka tambayi lokacin da ake sake duba albashi. Idan sun ce kasafinsu ba zai ɗauki ƙari ba, ka nemi a rubuta cewa za a sake dubawa bayan wata shida, ko ka tattauna kan alawus, horo ko sassaucin lokacin aiki. A cikin kwantiragin ka duba tsawon lokacin gwaji, sa'o'in aiki, hutu, fansho, kula da lafiya da wa'adin sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Idan kana da wani aiki a hannu, kada ka ajiye shi sai takardar ɗauka mai sa hannu ta iso gare ka, domin kamfanin da ke cikin matsi yana iya janye alkawarin baki a cikin dare ɗaya. Bayan ka sa hannu, ka koma kan rajistarka, ka sanar da duk wanda ya ba ka minti goma cewa ka samu, sannan ka buɗe sabon shafi inda za ka fara rubuta hujjojin sabon aikin tun daga makon farko.